Ko Kun Sani? Wi-Fi da Bluetooth Hanya Ɗaya Suke Bi

Wi-Fi da Bluetooth duk suna aiki a zangon rediyo na gigahaz 2.4, kuma a wayoyi da yawa eriya ɗaya suke rabawa. Idan ma'aikaci ya raba data ta Wi-Fi yana kuma sauraron waya da abin kunne na Bluetooth, siginonin biyu sai su yi ta gogayya. Don kauce wa karo, Bluetooth kan yi tsalle tsakanin tashoshi 79, sau 1,600 a daƙiƙa ɗaya. Tun fitowar Bluetooth 1.2 a 2003 yake kauce wa tashoshin da Wi-Fi ya mamaye. Android 12 na 2021 kuma ya zo da tsarin kawar da Wi-Fi daga tashoshin da ke rikici da siginar layin waya.