Amsoshin Tambayoyinku: Yaya Mai Jinya Zai Gane Ko Ciwo Na Ƙaruwa?

Wata baiwar Allah daga Makera, Kaduna ta Kudu, ta rubuto tana cewa likitoci sun ce maigidanta na da ciwon jijiyoyi mai suna multiful sikilerosis, wato MS. Yau da sauƙi, gobe babu. Yaya za ta gane ko ciwon gaba yake yi?

To, Malama, sannu da jinya. Wannan ciwo ba shi da yawa a ƙasarmu, kuma ba a ɗaukarsa daga wani. Sojojin jiki ne ke cin rigar da ta lulluɓe jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka, kamar yadda ɓera ke cin robar wayar lantarki. Sai saƙo ya kasa isa ƙafa ko hannu ko ido.

A 1983 wani likita a Amurka, John Kurtzke, ya fito da ma'auni mai hawa daga 0 zuwa 10, wanda ake amfani da shi har yau. A hawa na 4, mutum na iya tafiyar mita 500 ba taimako. A na 5, mita 200. A na 6, sai da sanda zai yi mita 100. A na 7, ba ya wuce mita 5, sai keken guragu. Likita ne ke yanke hawan, amma na ɗan lokaci yake ganin majinyaci. Mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke yi masa yoyo.

Saboda haka ki sayi ɗan littafi, kamar yadda ɗan kasuwa ke ajiye littafin bashi. Ki zaɓi rana ɗaya a mako, da safe kafin rana ta yi zafi, ki rubuta:

1. Daga ƙofar ɗaki zuwa zaure, daƙiƙa nawa ya yi? Da sanda, ko da dafa bango?
2. Yana iya saka maɓallin riga, da riƙe cokali, da ƙirga kuɗi?
3. Sau nawa ya faɗi? Yana riƙe fitsari? Ganinsa fa?
4. Wane aiki ne da yake yi da kansa, yanzu sai an kama masa?

In ba ki rubutu, ki sa yaro ɗan makaranta.

Amma fa a lura. Zafi na tayar da alamun wannan ciwo na ɗan lokaci, musamman a bazara, cikin Maris da Afrilu. Haka ma zazzaɓin cizon sauro da ciwon mafitsara. In jiki ya huce ko an yi magani, yakan koma yadda yake. Su likitoci ba sa cewa ciwo ya ci gaba sai raunin ya zauna wata 3 zuwa 6. Mummunar rana ɗaya ba ta isa hukunci ba.

In kuwa sabon abu ya zo, kamar ido ya dushe ko ƙafa ta mutu, ya wuce awa 24, kada a jira ranar awo. A tafi asibitin Gwamna Awan da ke Kakuri, ko na Barau Dikko, a nemi a tura shi wurin likitan jijiyoyi, kamar a asibitin koyarwa na Shika, Zariya. A tafi da littafin.

Har yanzu ba a sami maganin da ke warkar da shi ba, amma akwai masu rage masa gudu, kuma gashin ƙashi da motsa jiki na taimakawa. Masu jinya, ku ma ku riƙa karɓa-karɓa da 'yan'uwa don ku huta. Allah Ya ba marasa lafiya lafiya, amin.