Bikin Kanibal da Tashe: Wasa a Gefen Azumi

Da yawa a nan makaranta idan aka ce Kanibal, Kalaba ce ke zuwa mana a rai, inda ake cashewa duk Disamba tun 2004. Amma asalin bikin na da alaƙa da azumi. Kiristoci, musamman Katolika, suna azumin kwana 40 kafin Ista, wanda ke farawa ran Larabar Toka. A da, a Turai, ana barin nama, ƙwai da man shanu a wannan lokaci, don haka sai a cinye abin da ke gida kafin ranar. Masana na danganta sunan da kalmomin Latin masu ma'anar ajiye nama. Faransawa kuwa suna kiran ranar ƙarshe Mardi Gras, wato Talata mai kitse.

Abin bai tsaya ga ci ba. A birnin Benis na Italiya mutane kan rufe fuska, ba a gane attajiri da bawansa. Bikin ya dusashe bayan Napoleon ya ci birnin a 1797, aka farfaɗo da shi a 1979. A Tirinidad, bayin da suka samu cikakken 'yanci a 1838 sun mayar da shi nasu, suna kwaikwayon tsofaffin iyayen gidansu suna yi musu ba'a.

Wannan ba'ar ce ta sa nake ganin muna da namu. Tashe ba kafin azumi ake yi ba, a cikinsa ake yi, daga goma ga watan Ramadan bayan shan ruwa. Amma ku duba: yaro ya manna gemun auduga ya zama tsoho, wani ya ɗau allo da buzu yana kwaikwayon malam, a Jatau Mai Magani kuma ana tona asirin boka. A Kano akwai Nalako, sarkin gwagware, da ke bin tuzurai yana tsokanar su. Duk wanda ya tashi a Haɗeja, Auyo ko Kafin Hausa ya san yadda yaro ke faɗa wa babba gaskiya cikin wasa, kuma babban ya yi dariya har ya ba da sadaka.

To ina matsalar take? Tashe na ja da baya. A 'yan shekarun nan 'yan sanda a Kano sun sha dakatar da shi saboda 'yan daba da ke fakewa a ciki, ga kuma waya da ta ɗauke hankalin yara. Mutanen Benis sun dawo da nasu bayan kusan shekara 180. Mu kuwa har yanzu muna da iyaye da kakanni da suka san wasannin. Ina ba ƙungiyar ɗalibai shawara ta shirya daren tashe a harabar makaranta a azumi mai zuwa, a naɗe shi a bidiyo, a gayyato 'yan'uwanmu Kiristoci su ma su ba mu labarin nasu azumin.