Soweto: Abin da ake ɓoyewa jiya, yau shi ke jawo ciniki

Yau za mu kai masu karatu Soweto, babbar unguwar baƙaƙen fata da ke gefen birnin Johannesburg, a Afirka ta Kudu.

A zamanin mulkin wariyar launin fata, doka ta hana baƙar fata sayar da giya. Hukumar gari ce kaɗai ke da gidajen sayar musu da ita, ribar kuma ta shiga aljihunta. Matan da suka zo birni ba aiki sai suka koma dafa giyar dawa, irin burkutu, a cikin gidajensu. Ana kiran waɗannan ɓoyayyun wurare shabin. Babu allo a ƙofa, sai wanda ya sani. Wasu har rami suke haƙawa su binne tulun, don kada ƴan sanda su gani.

Wadda aka kama, sai tara ko gidan kaso. Mahaifiyar mawaƙiya Miriam Makeba ta yi wata 6 a tsare a 1932 saboda wannan sana'a, da jaririyar a hannunta.

Ba tallar giya muke yi ba, mun san ɓarnarta. Amma duk macen da ta taɓa kwashe kayanta a guje don masu karɓar haraji sun shigo kasuwa, ta san abin da muke faɗa. Da wannan kuɗi aka ciyar da yara, aka biya kuɗin lakwal.

Yau gidajen da yawa sun samu takardar izini. Bango ma ya canza. Manyan hasumiyoyi biyu na tashar lantarki ta Orlando, wadda aka rufe a 1998, an lulluɓe su da zane mai launi, ana hango su daga nesa. A titin Vilakazi, inda Nelson Mandela da Desmond Tutu suka zauna, masu zane sun ƙawata katangu, baƙi kuma na ta ɗaukar hoto.

Inda baƙo ya tsaya kallo, nan mai tebur ke samu: abinci, hula, sarƙar duwatsu. Sai dai manyan motocin yawon buɗe ido sukan sauke mutane a titi guda, su kwashe su bayan ɗan lokaci. Mai sana'ar da ke cikin lungu, inda tarihin ya faro, sau da yawa ƙurar mota kawai take gani.