Waɗanda Ruwa Ya Rufe, Ina Suke?

Mu mazauna bakin Tafkin Kainji mun san ruwa da abin da yake ci. A 1968 aka gama madatsar ruwa a kan Kogin Kwara, aka tashi mutane fiye da 40,000 daga garuruwansu. Gungawa da yawa na ƙasar Yauri suka bar tsibiransu, tsohuwar Bussa kuma ta nutse. An kwashe mutane da kaya, amma kaburburan kakanni suna ƙarƙashin ruwa har yau. A watan Mayu na 2021 kuma, wani jirgin ruwa da ya taso daga Jihar Neja zuwa Wara a Ngaski ya kife, mutane fiye da 100 suka ɓace cikin ruwa.

Saboda haka ɗalibanmu sukan yi tambaya mai nauyi: wanda ba a sami gawarsa ba, ko wanda kabarinsa ya nutse, ya ƙare ke nan?

Bari mu fara da jiki. Ilimin kimiyya ya nuna mana cewa idan mutum ya nutse, iska ba ta kai wa ƙwaƙwalwa, cikin 'yan mintoci kuwa ƙwayoyinta sukan fara mutuwa. Daga nan jiki ya ruɓe, ko a kabari ko a gindin tafki. A nan kimiyya take tsayawa, gama ma'auninta na abin da ake gani ne.

Amma harshenmu ma ya san mutum ya fi gangar jiki. Mukan ce "rai ya yi halinsa", wato rai ne ya tafi, ya bar jiki. Littafi Mai Tsarki ya bayyana dalili. Farawa 2:7 ta koya mana cewa daga ƙasa aka siffata mutum, numfashinsa kuwa daga Allah ne. Mai Hadishi 12:7 ya nuna cewa a ranar mutuwa kowanne yakan koma inda ya fito. Maƙwabtanmu Musulmi su ma sun gaskata da tashin matattu da ranar shari'a.

Ashe, begenmu bai rataya ga kabari ba. Kabari domin masu rai ne, wurin kuka da tunawa. Manzo Bulus, a 1 Korantiyawa 15, ya kwatanta jiki da irin shuka. Manomin shinkafa a Shanga ba ya tono irin da ya binne, tsiro yake jira. Wahayin Yahaya 20:13 ma ya ambaci matattun da ke cikin teku, cewa su ma za su tsaya a gaban Allah. Tashin Yesu Almasihu shi ne tabbacinmu.

Wannan bege bai ba mu izinin wasa da rai ba. Tun da rai amanar Allah ne, kada mu shiga jirgin da aka cika fiye da kima, mu kuma sa rigar kariya. Iyalan da ba su sami gawar da za su binne ba, mu ziyarce su, mu gaya musu cewa Allah ya san inda nasu yake.

Ubangiji ya ta'azantar da masu makoki. Amin.