Biyan fanshon Birtaniya a ƙasashen waje

Biyan fanshon Birtaniya a ƙasashen waje tsari ne da gwamnatin ƙasar ke tura kuɗin fansho kai tsaye cikin asusun bankin wanda ya yi aiki a can ya koma wata ƙasa da zama. Wanda ya dawo Najeriya, ko a Kano ya zauna ko a Babura da ke jihar Jigawa, bai rasa haƙƙinsa ba. A tsarin da ya fara aiki a 2016, sai mutum ya cika aƙalla shekara 10 a inshorar ƙasa.

Mai nema yakan aika wa sashen fansho na ƙasashen waje lambar asusunsa da lambar SWIFT ta bankinsa, ya zaɓi biya duk mako 4 ko 13. Galibi da kuɗin ƙasar da yake zaune ake biya, saboda haka adadin na bin farashin canji. Akan aiko takardar shaidar cewa yana raye. In ba a mayar da ita ba, ana iya tsayar da biyan.

Babbar matsalar ita ce ƙarin shekara-shekara. Mazauna Amurka da Tarayyar Turai suna samu, amma na Najeriya ba sa samu, domin babu yarjejeniya a kan haka. Fanshonsu na tsayawa yadda yake, sai in sun koma Birtaniya da zama.