Bayan Tiyatar Rage Ƙiba: Cokali Da Ƙafa Su Tafi Tare

A zamanin iyayenmu idan mutum ya yi teɓa sai a ce hutu ne ya karɓe shi. Yau mun san cewa ƙiba mai yawa tana jawo ciwon sukari, hawan jini da ciwon gwiwa. Idan rage abinci da shan magani suka kasa, likitoci sukan ba wasu shawara a yi musu tiyata. Aikin ya daɗe: tun a 1966 Dokta Edward Mason na Jami'ar Iowa a Amurka ya fara irin wadda ake ware ɗan ƙaramin tumbi a haɗa shi da hanji. Akwai kuma wadda ake yanke kusan kashi 80 cikin 100 na tumbin, a bar shi siriri kamar ayaba.

Wuƙar likita tana rage tumbi, sauran aikin kuma yana hannun mai jikin da mutanen gidansa. Abin da muke so mu fahimta shi ne yadda za a daidaita ci da motsa jiki.

Abin da ke shiga

Kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki. A watannin farko, wanda aka yi wa aikin sau da yawa ba ya iya cin ko kalori 1,000 a rana, alhali babban mutum yakan buƙaci wajen 2,000. Da ruwa-ruwa ake farawa, sai abin da aka dama, sai mai laushi, kafin a kai ga abincin yau da kullum bayan mako 6 zuwa 8.

Tun da wurin ya ƙanƙance, dole kowace loma ta yi amfani. Likitoci suna so a samu furotin, wato abinci mai gina jiki, aƙalla giram 60 a rana. Dafaffen ƙwai ɗaya yana da wajen giram 6. Saboda haka a fara da kifi, kaza, ƙwai, wake, alala, awara ko kindirmo marar sukari, sannan ganye, tuwo ya zo a ƙarshe idan da sauran wuri. A sha ruwa aƙalla lita ɗaya da rabi a rana, kurɓi-kurɓi, a jira minti 30 bayan cin abinci. Ƙwayoyin bitamin B12, na ƙarin jini da na ƙarfin ƙashi kuwa, shansu har iyakar rai ne.

Abin da ke fita

Tun a asibiti ake sa mutum ya fara takawa, don kada jini ya daskare a jijiyoyin ƙafa. A gida a fara da minti 5 ko 10, ana ƙarawa sannu a hankali. Ɗaukar jarkar ruwa, daka da noma su dakata har mako 4 zuwa 6, sai likita ya yarda. Inda aka nufa shi ne abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a 2020: minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, kamar tafiya da sauri, da kwana biyu na aikin ƙarfafa tsoka.

Ramuka biyu

Na farko shi ne gaggawa. Wani yana ganin nauyi na sauka sai ya ƙara rage ci, ya kama gudu da rana tsaka. Jikin da bai samu furotin ba tsokarsa yake ci, sai jiri, kasala da zubar gashi su biyo baya. Tsoka kuwa ita ce ke ƙone kalori ko mutum yana zaune. Duk sa'ad da motsi ya ƙaru, a koma wurin likita a sake duba abincin.

Na biyu shi ne sakaci. Ƙaramin tumbi ba ya tare abin sha. Kwalbar lemo ɗaya tana da kalori wajen 140, babban cokalin man gyada ko manja kuma wajen 120. Tafiyar rabin sa'a da ƙyar take ƙone ɗaya daga cikinsu. Mafi yawan nauyin yana sauka ne cikin wata 12 zuwa 18 na farko. Bayan haka, kunu mai sukari da ƙosai kaɗan-kaɗan suna iya dawo da shi.

Namu aikin

Mu mutane ne masu gaishe da marar lafiya da kwano a hannu, muna cewa, "Haba Mama, ƙara loma ɗaya mana." Ga wannan marar lafiya, loma ɗayan nan tana iya kawo amai da ciwo. Idan 'yar'uwa ta ci cokali huɗu a wurin biki ta ajiye, kada mu ce ta raina girki. Lokacin azumi ma, kada ta shiga sai ta tambayi likitanta. Gaisuwar da ta fi dacewa ita ce mu zo da yamma mu ce, "Taso mu taka zuwa bakin titi." Sannu ba ta hana zuwa. Allah ya ƙara mana lafiya.