Yadda masanan ilimi a Arizona suka koma yin bincike tare da jama'a

A watan Afrilun 2010, hukumar da ke kula da jami'o'in Jihar Arizona ta Amurka ta amince ta biya diyyar Dala 700,000 ga mutum 41 'yan ƙabilar Havasupai, ta kuma mayar musu da jininsu da ya daɗe ajiye a ɗakin gwaji. Tun a 1990 masu bincike daga Jami'ar Jihar Arizona suka fara ɗibar jinin mutanen wannan ƙaramar ƙabila da ke zaune a cikin kwazazzabon Grand Canyon. Sun bayar ne bisa fahimtar cewa za a gano musabbabin ciwon sukarin da ya addabe su. Daga baya ta bayyana cewa an yi amfani da jinin wajen nazarin taɓin hankali da auren zumunta da asalin ƙabilar, ba da saninsu ba.

Shari'ar ta fito da tambayoyin da suka daɗe suna ci wa marasa rinjaye tuwo a ƙwarya: wane ne ke zaɓar abin da za a bincika, kuma wa zai amfana da sakamakon? A wannan jiha dai, wasu masanan ilimi sun riga sun shafe shekaru suna gwada wata hanya, wadda jama'ar da ake bincike a kansu ke da ta cewa tun daga farko har ƙarshe. Aikin nasu ya fi shafar 'yan asalin Latin Amurka, musamman Meziko, da kuma ƙabilun da Turawa suka tarar a nahiyar.

Malamai a matsayin ɗalibai

A ƙarshen shekarun 1980, Luis Moll da Norma González na Jami'ar Arizona da ke birnin Tucson suka haɗa kai da malaman firamare domin shiga gidajen ma'aikata 'yan asalin Meziko. A wancan lokaci, ra'ayin da ya yi kanta a makarantu shi ne cewa 'ya'yan talakawa masu magana da Sifaniyanci suna zuwa aji ne hannu rabbana, kuma gidajensu ne tushen koma-bayansu.

Bisa al'ada, malami kan ziyarci gidan ɗalibi ne idan ya yi laifi. A wannan shiri kuwa, ya je ne ya saurara. Ya tambayi tarihin iyali da sana'o'in da suka yi, sannan ya koma ya tattauna abin da ya ji da 'yan uwansa malamai da masanan jami'a bayan an tashi daga makaranta. Sun tarar da tarin sani a kan noma da kiwo, haƙar ma'adinai, gini, gyaran mota, maganin gargajiya da kasuwancin ƙetare iyaka. Wannan ne suka kira taskokin ilimi a maƙalar da suka wallafa a 1992.

Ɗaya daga cikin malaman, Cathy Amanti, wadda sunanta ke cikin marubutan maƙalar, ta lura da wani ɗalibinta yana sayar da alewar da ya kawo daga Meziko. Daga nan ta tsara darussa a kan alewa, inda yara suka kwatanta kayan haɗi, suka yi lissafi da rubutu. Mahaifiyar wani ɗalibi ta zo aji ta koyar da yadda ake yin wata alewar gargajiya, yaran kuma suka sayar da abin da suka haɗa.

Makarantar Nabaho

A arewacin jihar, ƙabilar Nabaho ta ɗauki wani mataki tun kafin wannan. Bayan shekaru masu yawa da makarantun kwana na gwamnati suka yi suna raba yara da iyayensu tare da hukunta su saboda magana da harshensu, a 1966 aka buɗe makarantar Rough Rock a ƙarƙashin kwamitin mutanen gari. Ana koyarwa da harshen Nabaho da Turanci, dattawa kuma suna da gurbi a cikin aji.

Masaniyar ilimi Teresa McCarty ta fara aiki a wurin a 1980, tana taya malamai tsara manhaja da littattafan karatu. Sai a 2002 ta fitar da littafinta a kan tarihin makarantar, wanda aka gina a kan hirarraki da iyaye da malamai da dattawan garin. Tazarar shekara 22 ɗin ta nuna irin haƙurin da wannan hanya ke buƙata kafin jama'a su saki jiki da baƙo.

Bincike a gaban kotu

Amfanin irin wannan alaƙa ya fito fili lokacin da rikici ya taso. A 1998 hukumar makarantun Tucson ta fara koyar da tarihi da adabin Amurkawa 'yan asalin Meziko, wasu masanan jami'a kuma suka riƙa horar da ɗaliban sakandare su binciki matsalolin makarantunsu da unguwanninsu da kansu. A 2010 majalisar jihar ta kafa dokar da 'yan siyasa suka yi amfani da ita wajen zargin darussan da cusa ƙiyayyar launin fata. Da aka yi barazanar zabtare kashi 10 cikin 100 na kuɗin da jihar ke ba ta, hukumar ta dakatar da shirin a watan Janairun 2012.

Nolan Cabrera na Jami'ar Arizona da abokan aikinsa suka bi diddigin bayanan ɗaliban. Sakamakon da suka wallafa a 2014 ya nuna cewa waɗanda suka ɗauki darussan sun fi takwarorinsu yiwuwar cin jarrabawar jiha da kammala sakandare. Binciken na cikin hujjojin da aka gabatar a ƙarar da ɗalibai da iyaye suka bi har ƙarshe. A watan Agustan 2017, alƙalin kotun tarayya Wallace Tashima ya yanke hukuncin cewa wariyar launin fata ce ta ingiza kafa dokar da aiwatar da ita.

Inda gizo ke saƙar

Hanyar ba ta rasa matsaloli. Jami'o'i sun fi auna malamansu da yawan maƙalun da suka wallafa, alhali zama da jama'a yana cin lokaci, kuma manhajar da aka rubuta wa makarantar ƙauye ba ta cika kawo ƙarin girma ba. Kuɗin tallafin bincike kan ƙare cikin 'yan shekaru, a bar mutanen gari da aikin da aka faro. Masu suka kuma suna ganin kusanci da jama'a na iya sa mai bincike ya karkata, shi ya sa alƙaluman da kowa zai iya sake tantancewa suke da muhimmanci.

Ƙabilun ma ba su zauna jira ba. Nabaho na da kwamitinta da ke tantance duk binciken da ya shafi mutanenta kafin a fara. A 2016, shekara shida bayan diyyar Havasupai, hukumar jami'o'in Arizona ta fitar da ƙa'idar da ta wajabta tuntuɓar hukumomin ƙabilu kafin gudanar da binciken da ya shafe su. A jihar da ke da ƙabilu 22 da gwamnatin tarayya ta amince da su, mai bincike yanzu sai ya yi sallama, ya jira a amsa masa.